Kwana Ɗaya da Ya Ɓace

A taron masu rubuta manhaja da ake yi duk Asabar ɗin ƙarshen wata a birnin Yogyakarta, doka ɗaya ce: in za ka yi magana, sai ka haska rubutun manhajarka a bango kowa ya karanta. Pak Wiryo ne ya kafa ta, dattijon da ya koya wa rabin masu zama a tabarmin nan aiki, har da Laras.

Laras kuwa yanzu kamfani take wa aiki, kuma manhajarsu ta 'yan kasuwa a kulle take, ba a nuna wa kowa rubutunta. Sai dai a cikinta akwai wata ƙarama da Pak Wiryo ya rubuta ya sake ta kyauta, mai lissafa ranakun kasuwa biyar da ke zagayowa. Ita ce ta tsallake kwana ɗaya bana, har mata suka kai kaya kasuwar da ba ta ci ba. Sau biyu Laras ta je gidansa, ya cika ta da shayi da labari, ta kasa buɗe baki. Ta yaya za ta ce wa malaminta ya yi kuskure?

Ranar taro, da ta miƙe za ta yi magana, Gilang, abokin karatunta, ya tsoma baki da soyayyar ayaba a hannu.

"Kai! Masu kwaɗo da makulli sun iso. Me za ki haska mana, ƙofa?"

"Ci ayabarka, ɗan'uwa." Ta juya wajen Pak Wiryo ta ɗan rusuna. "Baba, namu ba zan iya nunawa ba. Ga dai abin da muke ba manhajar, ga amsar da take ba mu. Na rasa inda muka ɓata."

Pak Wiryo ya gyara tabarau. "Dokarmu fa, 'yata?"

"To a haska ɓangaren da yake a buɗe," in ji Laras.

Aka haska. Ya matso gindin bango yana bin layi da yatsa, har ya tsaya a wuri ɗaya.

"Wane shashasha ne ya manta Fabrairu kan kai kwana ashirin da tara?"



"Sunanka ne a saman rubutun, Baba," in ji Gilang.

Dattijon ya daɗe yana kallon Laras, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa da dariya.

"Kin sha min shayi sau biyu a banza. Matso da kwamfutarki, ki nuna min gyaran. Na san yana wurinki."