Baƙin Salatif a Wuyan Makirfo

Tihomir ya daɗe yana zaɓen makirfo biyun da zai rataya sama da ganguna, alhali tun ranar farko ya san wanda aljihunsa zai iya ɗauka. Sauran kwanakin duk na kallon abin da ba zai saya ba ne. A ƙarshe ya ɗauki wasu sirara masu araha, irin waɗanda ake sayarwa biyu a kwali ɗaya, ya gwada su a ɗakin ƙarƙashin gidan mahaifiyarsa a birnin Plovdiv, inda yake ɗaukar sauti tsakanin kwalaben kabeji mai tsami. Kuma fa sun yi daɗi. Laifinsu ɗaya, sunan da ke jikinsu, wanda makaɗan garin ke taɓe baki in sun ji shi.

Da ma bakinsa ya riga ya ja masa. Ya taɓa cika baki a gidan kofi a gaban Zlatin, wani mai busa a bukukuwa, cewa na Jamus zai sayo, Zlatin kuwa in ya samu abin dariya a kanka, sai ya zaga da shi kowane biki. To ga shi yau Zlatin ne zai rako tsohon makaɗin da ake kira Bai Stoimen, wanda ya koya wa Tihomir riƙe sandar ganga. An fara raɗe-raɗin hannun tsohon ya yi nauyi, ga biki yana jiransa ran Asabar, shi ne ya ce a ɗauki kiɗansa ya ji kansa da kunnensa kafin ya yanke shawara.

Suna ƙwanƙwasa ƙofa Tihomir ya fizgo baƙin salatif na masu gyaran wuta ya rufe sunan. Sai ya ga abin ya yi kama da ɓoyo, ya ci gaba da nannaɗewa tun daga gindi har wuya, ya ɗaga su sama ya je ya buɗe.

"Su ne 'yan Jamus ɗin?" in ji Zlatin, ya ɗaga kai yana kallonsu. "Me ya sa ka sa musu baƙaƙen kaya, mutuwa aka yi musu?"

"Danshi," in ji Tihomir. "Ɗakin nan akwai danshi."

Bai Stoimen bai ko kalle su ba. Ya cire hularsa, ya kurɓi barasar nan tasu rakiya kaɗan, ya daidaita kujera ya fara.

Bugu na farko Tihomir ya ji ɓarnar a abin sauraron da ke kunnensa. Farantan tagullar da ake bugawa tare da ganguna, waɗanda ya kamata su yi tartsatsi sun dushe, ganguna kamar ana kaɗa su a cikin kwabad. Ya ɗaga ido ya gane. A wuyan irin wannan makirfo akwai ƙananan tsagu da sauti ke shiga ta baya, su ke sa shi ya ji abin da ke gabansa tsaf, shi kuma ya toshe su duka. Gyaran bai wuce miƙa hannu ba. Amma Zlatin na tsaye a ƙarƙashinsu, in an ɓare salatif zai karanta sunan. Tihomir ya ce a ransa bari a gama wannan kiɗan tukuna. Ya zauna yana kallon malaminsa yana zuba kiɗan da ya daɗe bai ji irinsa ba, shi kuwa Tihomir sai gumi yake, kunya ta hana shi ɗaga hannu.

Aka gama, aka kunna lasifika. Tsohon ya saurara har ƙarshe, tafin hannunsa a kan gwiwa.

"Ashe haka nake yanzu," ya ce. "Kuma kuna ta tafa mini a bukukuwa, ba wanda ya gaya mini."

"Haba Baba, a nan ɗaki na ji ka lafiya lau," in ji Zlatin, karon farko ba wasa a muryarsa.

"Kai kunnenka yana sona. Na'ura ba ta san ni ba."

Nan Tihomir ya ji ya tsani kansa. Ya hau kujera ya sauko da makirfo ɗaya, ya shiga ɓare salatif, ya miƙa wa Zlatin sunan a fili.

"Karanta. Ba na Jamus ba ne, masu araha ne, kunya na ji na rufe. Baba, ni na toshe musu tsagun nan, dubi. Ba hannunka ba ne, wallahi ni ne. Zauna mu sake, yanzu za ka ji."

Zlatin ya karanta, bai yi dariya ba. Da ma ya yi, da Tihomir ya fi samun sauƙi.

Bai Stoimen ya dubi makirfon, ya dubi almajirinsa na da, ya yi murmushin da ake yi wa ɗan da ya yi ƙaryar kirki.

"Tisho, ɗana, ka yi ƙoƙari. Za ka murɗa maɓallanka ka gyara ni, na sani, kun iya. Amma a biki ba ka nan."

"Baba, ba abin da zan murɗa. Bugu ɗaya kawai."

"Na ji abin da na zo ji."

Ya sa hularsa ya fara hawa matakala a hankali, yana dafa bango. Daga sama Tihomir ya jiyo muryarsa a waya, yana gaishe da uban amarya, yana ba shi haƙuri, yana cewa su nemi wani makaɗi ran Asabar.