Ranar da Ba a Yar da Safar Hannu Ba

A garinmu akwai dokar da ba a rubuta ta ko'ina ba, amma ko yaron goye ya san ta: ba a taɓa maka gola ka tsaya kallo. Idan ɗan wasan wani gari ya banke mai tsaron ragarku a kan ƙanƙara, na kusa zai yar da sanda, ya watsar da safar hannu, ya ci kwalar mai laifin, a daku. Alƙalin wasa ma sai ya bari an ɗan huce kafin ya raba. Da haka muka taso a wannan lungu na Saskatchewan, inda sanyi ke cinye rabin shekara, hoki kuma, wasan nan na sanda a kan ƙanƙara, ya cinye hankalin maza.

Ƙanena Brennan ne golan ƙungiyar garinmu, ƙungiyar manoma da makanikai da ke ɗaura takalmin ƙanƙara ranar Lahadi su ɗauka su zakuna ne. Ni Lorna, kofi da perogi, wato curin fulawa mai dankali a ciki, nake sayarwa a tagar filin, ba abin da ke wuce ni. Mai shigar wa Brennan faɗa kuwa Travis Doerksen ne. Tare suka yi firamare, ya ci abinci a gidanmu har ya san inda muke ajiye cokula. Haƙoransa na gaba a kan Brennan ya rasa su, kuma da alfahari yake nuna giɓin.

Brennan namiji yake so. Ya daɗe tare da Marc, wani ma'aikacin jinya a birnin Saskatoon, yana ce wa mutane abokin haya ne. Bana ya ce ya gaji da ɓoyo, zai gaya wa 'yan ƙungiya. Na ce ya bari a gama kakar wasa tukuna.

"Haba Lorna," ya ce, "mutanen da suka zubar da jini a kaina? Su zan ji wa tsoro?"

Bayan atisaye ya miƙe a ɗakin canja kaya ya faɗa musu. Travis ya ɗauki jakarsa ya koma can ƙurya. Koci Lyle ya kalli ƙasa ya ce shi ba ruwansa da abin da mutum ke yi a gidansa, a tsare masa raga kawai. Kafin Lahadi magana ta game gari, ta tsallaka har garin da za mu kara da su. Zancen duniya dai ba ya ɓuya.

Ranar wasa fili ya cika fiye da kullum, kuma na san ba don son hoki ba ne. Tsoho Gord Pawluk ya jingina da tagata yana murmushin mugunta.

"Lorna, miƙo kofi. Ashe ƙanen naki amarya ce ba mu sani ba? Yaushe biki?"

"Gord, karɓi ka matsa, kafin in juye maka shi a wando."

Aka kwashe da dariya, ba don na burge su ba. Raina ya ɓaci. Na rufe tagar na koma jikin shingen gilashi, bayan ragar Brennan.

Tun daga farko magoya bayan baƙi ke rera "ɗan daudu, ɗan daudu" suna dukan benci. Namu ba su tanka ba, wasu ma na sunkuyar da kai suna dariya. Brennan bai ko waiga ba, duk abin da aka bugo sai ya kama. Can sai wani ƙato mai jan gashi cikin 'yan wasan baƙi, Schmaltz, ya taho a guje ya banke shi da kafaɗa har raga ta tsige daga wurinta.

Kowa ya jira. Shi kansa Schmaltz ya sassauta safarsa, ya juyo yana neman mai zuwa, don ya san abin da ya saya. Travis na nan kusa, taku kaɗan. Sai ya yi kwana a kan ƙanƙara yana duba bakin sandarsa kamar yau ya fara ganinta. Sauran ma kowa ya kama gabansa.

Schmaltz ya bushe da dariya. "Doerksen! Yau kyauta kuke bayarwa?"

Brennan ya tashi da ƙyar, ya gyara hular kwanonsa, ya dubi Travis. Travis bai ɗago ba.

Da aka tafi hutu na tare Travis a hanyar ɗakin canja kaya.

"Travis, ina hannayenka? Ko a gida ka manto su?"

"Lorna, rabu da ni."

"Ba zan rabu da kai ba, marar kunya! Uwarmu ce ta ɗinke maka gira a teburinmu."

"In na yi faɗa a kansa yau, gobe me za a ce da ni a wajen awon alkama? Ina da mata da 'ya'ya a garin nan." Ya tofar da yawu ta giɓin nan. "Wa ya aike shi ya faɗa? Da ya yi shiru da ba abin da ya canja."

"Matsoraci," na ce. Ya wuce ya buga ƙofa.

Na roƙi Brennan ya cire kaya mu tafi gida. Ya ce a'a, ba-zata ce ta kama su, in aka sake za su zo. Har ga Allah ya yarda da hakan, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Baƙi sun riga sun gane gonar ba mai gadi. Da aka dawo, Schmaltz ya sake tahowa, wannan karon da dukkan nauyinsa. Kan Brennan ya daki ƙarfen raga, na ji ƙarar ta cikin gilashi. Bai tashi ba. Alƙali ya kori Schmaltz, amma ko safa ɗaya ba ta faɗi a ƙanƙara ba.

Masu agaji suka ɗaure masa wuya, suka ɗora shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, fuskarsa na kallon rufi, ba halin juyawa. In ana fitar da wanda ya ji rauni, 'yan wasa kan buga sanduna a ƙanƙara don girmama shi. Golan baƙi ne ya fara, sai 'yan bencinsu suka bi, ƙas, ƙas, ƙas. Na dubi bencinmu. Sanduna a jingine, Koci Lyle na magana da golan da zai canji Brennan.

A cikin motar asibiti na riƙe hannunsa. Yatsunsa na motsi, na gode wa Allah. Idonsa cike da hawaye, amma murmushi yake yi.

"Lorna, kin ji? Na ji sanduna. Ban gaya miki za su zo ba? Travis ne ya fara, ko?"

Ma'aikaciyar agajin ta ɗago ta dube ni, tana roƙona da ido in ce e. Amma in na ce e, da ya warke zai sake ɗaura takalmi ya tsaya a bayan mutanen nan.

"Ba namu ba ne, Brennan," na ce. "Nasu ne."