Izinin Fasa Kwamin Wanka

Sa'adiya ta tura takardun ta ƙarƙashin gilashi, mutumin da ke ciki ya turo mata su ko buɗewa bai yi ba. Bai ɗaga murya ba, bai ɓata rai ba, kuma wannan ne ma ya fi ci mata rai. A garin nan da murmushi ake hana mutum abu. Ya ce ofishin izinin gine-gine ba ya karɓar buƙata daga hannun ɗan haya. Ɗan kwangila mai rajista ne zai shigar ta kwamfuta, da zanen banɗakin yadda yake da yadda ake so ya koma, da takardar amincewar mai ginin. Ta ce ai takardar mai ginin ce ta gagara. Ya ce to, ita ce farkon komai, sannan ya danna lambar wanda ke bayanta.

Ta koma gefe ta zauna, ta cire ƙafa ɗaya daga takalmi. Duk wannan zirga-zirgar fa a kan kwamin wanka ake yin ta.

Mahaifinta, Malam Dikko, ya iso daga Kano bayan ƙaramar salla, ɓarin jikinsa na hagu a shanye. Ita ce ta kafe sai an kawo shi, don a ɗakin gwajin jini na wani asibiti take aiki a nan Dubai, ta san masu gashin ƙashi na kirki. Gashin kuwa ya karɓe shi. Mutumin da aka sauko da shi daga jirgi a keken marasa lafiya, yanzu ga shi yana dogara sanda ya kai kansa banɗaki. Abu ɗaya ne ya gagara. Banɗakin gidansu na haya a Abu Hail guda ɗaya ne tal, kuma wurin wankan wani farin kwami ne mai baki har gwiwa. Ƙafar hagu kuwa ba ta ɗaguwa sama da tafin hannu.

Da farko suka yi irin ta gida, bokiti da 'yar kujera a tsakar banɗakin. Gari bai gama wayewa ba maƙwabcinsu na ƙasa ya hawo da waya a hannu, yana nuna musu hoton silin ɗinsa yana ɗiga. Ashe daɓen da ke wajen kwamin ba a yi shi don ya sha ruwa ba. Sai mijinta, Zainul Abideen, ya ce ai ba wani abu ba ne, shi zai riƙa ɗaga Baba ya sa shi a ciki. Da maganar ta je kunnen Malam Dikko, fuska kawai ya mayar bango. Mutumin da ko loma ba ya kaiwa baki a gaban surukinsa, shi za a ce ya tuɓe a hannunsa? Ita kuma 'yarsa ce, 'yar fari ma, wadda ko sunanta ba ya kamawa. Tun daga nan wankan Malam ya koma jiƙaƙƙen tawul da buta, ƙofa a kulle, a garin da gumin teku ke manna wa mutum riga tun kafin ya fita.

Zainu ya ga abin ya ishe shi, ya je ya samo wani magini ranar hutu. A Kano wa zai tambayi wani kafin ya fasa banɗakin da yake kwana yana tashi da shi? Guduma ba ta gama da tayil ɗin farko ba maigadi ya iso yana haki, maginin ya kwashi kayansa ya sulale ta matakala. Aka bar su da tsagaggen tayil da takardar gargaɗi daga ofishin masu kula da ginin.

Jiya kuma da hantsi Malam Dikko ya kira ta, ya yi maganar yana kallon sandarsa. Ya ce shi fa ba zai sake shiga wata Juma'ar ba tare da ruwa ya ratsa jikinsa ba. Ya ji labarin Ɗantani, tsohon yaron shagonsa, zai koma Kano ranar Asabar, zai bi shi. Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma ta san irin wannan muryar tasa, ba a jayayya da ita. Ta kuma san abin da zai biyo baya. In ya koma, gashi ya ƙare ke nan. Zai zauna a tabarmar zaure ana zuwa gaishe shi, ƙafar ta koma yadda ta zo. Ta roƙe shi ya ba ta yini guda, ko takardar izini ce ta nuna masa ya san an kusa. Yinin shi ne yau Alhamis, kuma in aka rufe ofisoshi sai Lahadi.

Ta mayar da takalmin ta fita. Zafi ya mare ta a bakin ƙofa, gilashin idonta ya yi hazo nan take, ta tsaya tana gogewa da gefen mayafi.

Wakilin mai ginin ya karɓe ta da shayi, kamar yadda ya karɓe ta a zuwan baya, da wanda ya gabace shi. Wallahi ta tsani ɗanɗanon shayin nan. Ta ajiye masa takardar likita, ya karanta da gaske, har ya girgiza kai ya ce shi ma tsohuwarsa tana can ƙasarsu da ciwon gwiwa. Amma sa hannu na mai ginin ne shi kaɗai, shi kuwa ya tafi ƙasar sanyi da iyalinsa har zafi ya sauka. Kuma tun da aka shigo da guduma ba izini, dole sai injiniyansu ya fara dubawa. In an yarda ma, za su sa hannu cewa ranar da za su tashi daga gidan sai sun mayar da kwamin yadda suka same shi.

"Wato in fasa, in gina, in sake fasawa, in sake ginawa," in ji ta.

"Shwaiya shwaiya, sannu-sannu, 'yar'uwa. Inshallah komai zai yi."

Ta ce ita ba ta da shwaiya shwaiya, jibi take da shi. Ya buɗe hannuwa, ya tura mata kwanon dabino.

A cikin jirgin metro ta kira ɗan kwangilar da wata abokiyar aikinta ta ba ta lambarsa. Mutumin ya san aikinsa, shi ya sa ma bayaninsa ya ƙara kashe mata jiki. In takardar mai gini ta fito, zai aiko a auna a zana. In izini ya fito, a fasa, a shimfiɗa abin hana yoyo, a tare ruwa a daɓen a bar shi ya kwana biyu a ga ko zai ɗiga ƙasa, sannan a zo a duba, sannan tayil. Ta tambaye shi duka-duka yaushe. Ya ce in an yi sa'a, wata guda da wani abu. Sai ta ji dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ba ta da daɗi, har matar da ke gefenta ta waiwayo.

Zainu ya kira daga wurin aiki yana tambayar yadda aka yi. Ta ce ba a yi ba. Ya fara cewa da bai kawo maginin nan ba, ta katse shi ta ce ba shi ba ne. Gaskiya ta faɗa, amma ko ita ta ji muryarta ba ta fito da laushi ba. Ba haushinsa take ji ba. Gajiya ce kawai, gajiyar da ta kai har bayan idanu.

Jirgin ya tsaya a Abu Hail, ba ta sauka ba. Me za ta je ta ce wa tsohon? Ta zarce Al Ras, unguwar kasuwa inda Ɗantani yake. Abin da ya rage mata shi ne ta roƙi Ɗantani ya ce babu kujera a jirgin Asabar, ko ya ɗaga tafiyar, ko dai wata ƙaryar da za ta saya mata mako guda.

Ɗantani a shagon Malam Dikko ya tashi, can Kantin Kwari, tun yana naɗe yadi har ya zama Alhajin da ke cika kwantena. Ta same shi a wani lungu mai warin citta da kanumfari, zaune a kan ƙullin kaya, ana ɗaure kwalaye yana faɗa da masu ɗaurin da Larabcinsa na kasuwa. Da ya gan ta ya miƙe, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Ta faɗa masa abin da ya kawo ta ba kwana-kwana.

Ya koma ya zauna yana murza hularsa a gwiwa. "'Yar Malam, ki sa ni komai, ban da wannan. Mutumin da ya riƙe ni, in dube shi in ce babu kujera? Ko na faɗa ma sai ya gane a fuskata."

Ita ma ta san haka ne. Aka kira la'asar, sai a nan ta tuna ko azahar ba ta yi ba. Ta tambayi inda za ta yi alwala. Ya nuna mata masaukin da yake sauka, ƙofa biyu daga wurin, wani tsohon gini da 'yan kasuwar Kano ke kama ɗaki su huɗu su biyar. Ya ce ɗakinsa a ƙasa yake, babu kowa yanzu, ta shiga abinta.

Ta tura ƙofar banɗakin, ta tsaya. Wuri ne ɗan ƙarami, fentinsa duk ya ɓare. Daɓen siminti ne mai gangara zuwa wata babbar magudana a kusurwa. Famfo daidai gwiwa, shuɗin bokiti, moɗa ta roba, da wata kujerar roba da aka ɗaure ƙafarta da waya. Babu dakali, babu baki, daga ɗaki sai mutum ya ja ƙafa ya shiga. Abin da ta yini tana roƙo a zana mata a takarda ke nan, ga shi a masaukin da ita da Zainu ko a mafarki ba za su kama ba. Ta daɗe a tsaye kafin ta buɗe famfon.

Da ta idar da salla ta fito ta tambayi Alhaji ko zai ara musu banɗakin na awa guda. Ya ce haba, wannan ai ba abin tambaya ba ne.

Kafin magariba suka kawo Malam Dikko a tasi. Zainu ya zauna gaba, ya riƙe jakar sabulu da tawul, bai waiwayo ba har suka iso. A bakin lungun ya miƙa hannu zai taimaka, tsohon ya yi kamar bai gani ba. Amma da Ɗantani ya matso, sai ga Malam ya ɗora masa hannu a kafaɗa yana cewa wannan tumbin fa, kaya ne ko mutum? Zainu ya mayar da hannunsa aljihu. Sa'adiya ta gani, ta ji tausayinsa har cikin ranta, amma ba wurin magana ba ne.

Ta zauna a wani benci a farfajiyar masaukin. Daga ciki tana jin ƙarar moɗa a bokiti, da zubar ruwa, a sake cikawa, a sake zubawa. An daɗe. 'Yan kasuwa suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kowa ya ji wanda ke ciki sai ya nemi wuri ya zauna. Wannan ya taɓa sayen shadda a wurinsa, wancan unguwarsu ɗaya, wani kuma ubansa abokin Malam ne.

Ya fito da farar jallabiya, gemu na ɗigar ruwa, fuskar nan tasa ta washe kamar an sauke masa buhu. Rabonta da ganinsa haka tun kafin ciwon. Aka shimfiɗa masa darduma, gaisuwa ta kaure, har da dariyarsa mai tari a ƙarshe. Wani ya kawo tuwo daga wurin wata mai abinci, Malam ya wanke hannu ya sa a kwano ɗaya da su. Zainu ya zame ya fita waje don kada ya hana shi ci.

Ta jira aka lafa, sannan ta matso ta durƙusa daga gefe. Ta ce Baba, mai tasi yana jira, gobe da safe sai a sake kawo ku kafin masallaci.

Bai dube ta ba, sandarsa yake juyawa. Ya ce Alhaji ya ce in ya tafi Asabar gadonsa zai zauna ba kowa, kuma ɗakin nasa ne har ƙarshen shekara. Yaran nan kuma sun ce ranakun gashi ba za a rasa mai raka shi asibiti ba.

"To maganar Kano fa, Baba?"

"A bar ta tukuna. A gama gashin."

Abin da ta fito nema tun safe ke nan, ga shi an ba ta a hannu. Ta yi hamdala a fili, da gaske kuma ta yi ta. Sai dai ba haka ta so ba. Ita ta ɗauko shi daga Kano don ya kwana a ƙarƙashin rufinta, ta ji tarinsa ta bango, ta dafa masa da hannunta. Ta fara cewa ai izinin zai fito, wata guda ne kawai, in an gyara sai ya dawo gida.

"Ku bar wa mutane kwaminsu, kun wahala haka nan," in ji shi, a hankali, ba da zafi ba. "Gobe in za ki zo, ki taho min da sauran kayana. Da maganin safe, yana kan taga."

"To, Baba," ta ce.

Ta miƙe ta fita lungun. Zainu na tsaye jikin tasi, ya leƙa bayanta yana jiran tsohon ya fito. Ta buɗe ƙofar baya ta shiga, ta ce wa direban su biyu ne.