Hancin Tsoho Wendell

Wendell Okerlund ya juya kofin sau uku, ya cusa hancinsa ciki, ya ja numfashi gajere-gajere kamar yadda ya koya wa duk wanda ke zaune a teburin ɗanɗana giya. Bai ji komai ba. Duk da haka ya lumshe ido, ya gyaɗa kai a hankali, ya ɗauki fensir ya rubuta: ɓawon lemu, abarba, ɗan ƙaron itace daga baya. Ba za a ce ƙarya ya yi ba, don shi ya je har gonakin Yakima ya zaɓo furen hof ɗin da aka zuba, furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, ya kuma san abin da ya kamata giyar ta yi. Sai dai da ka ya rubuta, ba da hanci ba.

Wata bakwai ke nan, a lissafinsa, da wata mura ta kwantar da shi a tsakiyar hunturu, ta tashi ta tafi da hancinsa. Daga shi sai matarsa Marjorie suka sani, sai kuma likitan da ya ba shi ƴan kwalabe huɗu na kanumfari da lemun tsami da makamantansu, ya ce ya riƙa shinshinawa safe da yamma, wataƙila abin ya dawo, wataƙila kuma a'a. Wendell yana shinshinawa ba fashi. Duk kwalaben huɗu abu ɗaya suke gaya masa, wato babu.

Ga wani mutum wannan ƙaramin rashi ne. Ga Wendell kuwa jarinsa ke nan kaf. Shekara talatin da ɗaya yana dafa giya a ƙaramin kamfaninsu da ke wani ɗan gari na Oregon, kuma har daga wasu jihohi ake kiransa alƙalancin gasa, saboda hancin nan da ake cewa yana iya bambance hof ɗin da aka tsinka ranar Litinin da wanda aka bari har Alhamis. Shi ke da maganar ƙarshe a kan kowane tanki: a ɗura a gwangwani ko a dakata. Shi kuma ya kafa dokar teburin da bakinsa, cewa duk wanda hancinsa ya daina aiki ya tashi ya ba wani kujera, ba sani ba sabo. Da dokar nan ya tayar da amininsa na ƙuruciya shekara shida da suka wuce, ya mayar da shi ofishin sama wajen takardu. Yanzu ga shi igiyar da ya tufka tana jiran ƙafarsa, kuma tsoron ofishin nan na sama yake ji fiye da tsoron asibiti.

Ƙarfe goma na safe suke zama, kafin kowa ya ci wani abu mai yaji. Ba shan kofi, ba turare, ba magana sai kowa ya ajiye fensir. Su biyar ne, gabansu ruwa da busasshen biskit marar gishiri, sai kofuna masu lamba. Yau na tanki na huɗu ne a gaba, wato Zalɓe, giyar da aka fi saninsu da ita, mai ɗaci da ƙamshin hof kamar an matse gona a kofi. Motar ɗura gwangwani za ta iso ƙarfe biyu, ranar Asabar kuma ana bikin giyar kaka a Portland, an riga an buga sunan Zalɓe a allon bikin.

Royce, mai kula da kasuwa, shi ya fara magana, don shi ba a taɓa riga shi ba. Ya ce giya ta yi, ta ma fi ta bara, a ɗura kawai. Ɗaya daga cikin ma'aikatan tanki ya goyi bayansa. Noemi Arriaga, mataimakiyar Wendell a wajen dahuwa, ba ta ɗago kai ba sai da suka gama. Sannan ta ce ita tana jin man shanu can ƙasa, kaɗan ne ƙwarai, irin na guggurun silima, hof ya danne shi amma yana nan. Ɗayar ma'aikaciyar ta ce ita ma kamar ta ji, kamar kuma ba ta ji ba.

Kowa a teburin ya san abin da wannan ke nufi. Yis, wato ƙwayar da ke nunar da giya, bai gama aikinsa ba. In aka bar giyar a tanki kwana uku ko huɗu da ɗan ɗumi, zai cinye man shanun da kansa. In aka ɗura ta yau, abin zai yi ta ƙaruwa a gwangwani, nan da mako biyu duk wanda ya buɗe sai ya yamutsa fuska, kuma masu rubuta ra'ayi a waya ba sa yafiya.

"Noemi, ke fa ko ruwan famfo aka ba ki sai kin ji man shanu," in ji Royce. "Jiya gugguru kika ci, ki faɗi gaskiya."

"Ni aƙalla ina jin wani abu," ta ce. "Kai hancinka ba abin da yake ji sai ƙamshin oda."

Aka yi dariya. Noemi ta tashi ta ɗauko kwalbar da ta riga ta tsoma a ruwan zafi tun da safe ta kuma sanyaya, don zafi yana fito da abin da ke ɓoye. Ta zuba wa kowa. Aka sake shinshinawa, aka sake kurɓa, ba wanda ya sauya ra'ayi. Biyu da biyu. Sai duk suka juyo suka dubi kan teburi.

"To Tsoho," Royce ya ce, "a raba mana gardama."

Wendell ya jawo kofunan gabansa. Wata bakwai yana tsallake irin wannan rana. Yakan bari kowa ya yi magana, ya bi inda rinjaye yake, ya ƙara da wata kalma ta manya, a watse ana jinjina masa. Yau babu rinjayen da zai laɓe a bayansa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ya bi Royce aka ɗura gurɓatacciya, sunan shekara talatin ya zube. In ya bi Noemi alhali giyar lafiyarta ƙalau, ya kori mota, ya bar gurbinsu a biki babu kowa, a kan abin da bai ji ba.

Ya ɗaga kofin da ba a ɗumama ba, ya yi wasan shinshinawar nan tasa, ya kurɓa. Ɗaci ya sauka a bayan harshensa tsaf, ya daɗe, ya tafi ba tare da ya kankare maƙogwaro ba. Wannan kam har yanzu yana jinsa, don murar ba ta taɓa harshe ba. Ya ci biskit, ya sha ruwa, ya ɗauki na biyun, wanda aka ɗumama. Wannan karon bai ma kai hanci ba. Ya riƙe giyar a baki, ya goga harshe a ganɗa.

Akwai santsi. Ɗan kaɗan, kamar an taɓa cokalin mai a tukunyar ruwa, amma akwai shi. Ya koma na farko, ya sake dawowa na biyu. Na farko yana barin baki a bushe, na biyu yana barin wani maiƙo siriri. Tun yana saurayi ya san man shanun nan yana zuwa da santsi, amma bai taɓa bi ta kansa ba, don mai hanci irin nasa ina ruwansa da lalube. Su sauran ƙamshin lemu da abarba ya cika musu kai. Shi da ba ya jin ko ɗaya, ba abin da ya tare masa hanya.

"A kira masu mota a ce su dawo Laraba ta makon gobe," ya ce. "Noemi ce da gaskiya. Ku bar hanci, ku goga harshe a sama."

Suka gwada. Ma'aikacin da ya bi Royce ya ce lallai kuwa. Royce ya gwada sau biyu, ya ture kofin, ya yi tsaki, ya ce Asabar ta tafi ke nan, amma gara kunyar rana ɗaya da ta shekara. Mutum ne mai surutu amma ba ya jayayya da abin da ya ji a bakinsa. Ya ɗaga hannu ya sara wa Wendell.

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba," ya ce. "Wannan hanci naka, Tsoho, ya kamata mu yi masa inshora."

A nan Wendell zai iya yin murmushi ya wuce. Ƙofa ce aka buɗe masa, wadda za ta kai shi wata shida ko shekara ba wanda zai yi zargin komai. Amma daɗin da ya ji a ransa na cewa yau da gaske ya ɗanɗana, ba kwaikwayo ya yi ba, shi ya sa ya kasa karɓar yabon. Ya gaji da lumshe ido a kan kofin da ba ya ce masa komai.

"Ba hanci ba ne, Royce," ya ce. "Wata bakwai ban ji ƙamshin komai ba. Ko hof, ko kofi, ko hayaƙi. Duk abin da na rubuta muku a layin ƙamshi, daga ka na ɗauko shi."

Wendell ya ce doka tasa ce, ba zai karya ta don ta zo kansa ba. Ya dafa teburi zai miƙe.

"Takwas," in ji Noemi.

Ya tsaya a rabin miƙewa.

"Wata takwas ne. A Janairu wani buhun hof ya ɓaci a ɗakin sanyi, yana wari kamar tsohuwar safa, kowa ya gudu. Kai kuwa ka zauna a kansa kana cin burodinka."

Royce ya dube ta, ya dubi Wendell. Wendell ya tambaye ta me ya hana ta magana. Ta ce ba nata ba ne ta faɗa. Ta dai riƙa bin kowane tanki sau biyu a bayansa, kuma da ya taɓa sakin wanda bai dace ba, da ta tare shi a waje su biyu. Bai taɓa ba. Ta ƙara da cewa dokar da ta sani ita ce kada mutum ya rubuta abin da bai ji ba, kuma shi yau ya ji abin da ya gagari mutum biyu masu lafiyayyen hanci.

"Ka bar mana layin ƙamshi," ta ce. "Ɗaci da yadda take a baki, naka ne. Zauna, Wendell, akwai sauran tanki biyu."

Ya zauna. Idonsa ya ciko, bai kuma ɓoye ba. Shi da ya tayar da amininsa daga teburin nan cikin minti biyar, wata ta ɗauke masa kaya wata takwas ba ta ko nuna a fuska ba. Godiya ce ta cika shi har da kunya a ciki, ya kuma ƙudura a ransa cewa kafin la'asar zai hau ofishin sama, akwai maganar da ya kamata ya yi tun shekara shida.

Royce ya fita kiran masu mota, yana gunagunin cewa shi kaɗai ne ba a gaya wa komai a gidan nan. Aka zuba na tanki na biyar, sabuwar giya ce da ɗanyen hof na bana, wanda ranar dahuwarta aka tsinka da asuba aka zuba a tukunya kafin azahar. Wendell ya fi shekara yana shirya ta. Ya ɗaga kofin, ya dubi kumfar, ya mayar ya ajiye a gaban Noemi.

"Faɗa mini," ya ce. "Yaya ƙamshinta yake?"

Noemi ta juya kofin, ta kai hanci, ta daɗe. Sannan ta fara gaya masa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya tallabe haɓa yana saurara.