Takardun Cikin Kwalabe

Tun da ya daina gyaran agogo, tsohon ya mayar da gilashin da yake maƙalawa a ido kan ƙananan ƙudaje. Ba irin manyan da ke damun mutane a tebur ba, 'yan mitsi-mitsi waɗanda ke taruwa kan ruɓaɓɓen 'ya'yan itace da bakin magudanar ruwa. Ya ce jijiyoyin fiffikensu sun fi cikin agogo tsari. Maƙwabta suka sa masa suna Baban Ƙuda, ya kuwa amsa.

Yakan kama su, ya jefa a 'yar kwalba mai sifirit, irin wanda ake goge wurin allura da shi, don kada su ruɓe. Matarsa, kafin ta rasu, ita ke rubuta rana da wurin da aka kama kowanne a guntuwar takarda, da fensir, ta tura cikin kwalbar. Kwalabe sittin da uku.

A cikinsu akwai wata 'yar ƙuda mai ɗigo uku a fiffike, wadda bai taɓa gani a tsohon littafinsa na ƙwari ba. Ya aika da hotonta ga wata malama mai nazarin ƙwari a kwalejin noma, ta ce za ta zo.

Saura mako guda ta zo, ya ɗaga kwalaben a hasken taga, ya kasa karanta rubutun. Yanar ido ta fara rufe masa gani, fensir kuma dishi-dishi. Kunya ta kama shi. Ya zauna kwana biyu, 'yarsa na karanto masa, yana sake rubutawa da biro, manya-manyan baƙaƙe. Sababbin takardun ya tura cikin kwalaben, tsofaffin ya share su cikin shara.

"Baba, rubutun Mama ne fa," in ji 'yar.

"Ke dai karanto. Baƙuwa ce mai ilimi, ba za ta zo tana ƙyafta ido ba."

Ranar da malamar ta zo, ya jawo akwatin kwalaben daga ƙarƙashin gado. Ruwan kwalaben duk ya koma shuɗi.

Ta ɗaga guda, ta juya ta. Takardar ciki fara fat.

"Baba, da me kuka rubuta?"

"Da biro, Malama. Sabo ma na saya."

"Ayya. Sifirit yana cinye tawada. Fensir kawai yake bari."

Ya ce ai bai sani ba. Shekara goma sha ɗaya yana ganin matarsa tana feƙe fensir, yana zaton tsumulmula ce, har yana yi mata ba'a.

Malamar ta duba mai ɗigo ukun da nata gilashin, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ban san wannan ba. A ina kuka kama ta? Wane wata?"

Ya buɗe baki. Bayan gidan rini ne? Ko gindin famfon tashar mota? Ya juya ga 'yarsa.

"Sittin na karanto, Baba. Wallahi sun cakuɗe mini."

"In babu wuri da rana, ba abin da zan iya rubutawa a kanta," in ji malamar a hankali. "Ku yi haƙuri. In kun sake samun irinta, ku kira ni."

Bayan ta tafi, 'yar tana mayar da kwalaben ta tarar da guda a kusurwa, ruwanta garau. Murfinta ya yi tsatsa, shi ya sa ya kasa buɗe ta ranan.

Ya maƙala gilashin. Ƙudan ayaba ne, irin wanda ke kowane kicin.

"Karanto mini."

"Tagar ɗakinmu, da safe. Ya hana ni shara sai ya kama."

Ya sa ta sake karantawa. Sannan ya ce ta nemo masa fensir, gobe zai fara da bayan gidan rini, duk da bai tabbata idonsa zai iya ganin ɗigo uku ba.