Sirdin Ya Yi Tsawo

Tun da ciwon mantuwa ya kama Baba, Auta ya zama baƙo a gidan da aka haife shi. In ya shigo ɗaki, sai tsohon ya gyara zama ya gaishe shi da ladabi, kamar mai karatun mita ne ya zo. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo. Mutumin da ya tsufa a gyaran keke, wanda bakinsa bai taɓa raga wa kowa ba, yau shi ke yi wa ɗan cikinsa sannu da zuwa.

Yayar Auta ta ce ya haƙura, amma shi kunnen ƙashi gare shi, ga shi har furfura ta fara fito masa bai daina ba. Rannan ya ga wani tsohon keke baƙi a wurin mai gwanjo, mai birkin ƙarfe, irin waɗanda Baba ya saba gyarawa a da. Ya roƙa a bar shi ya kai gida a duba masa kafin ciniki. Fatansa ɗaya, in hannun Baba ya tuna aikinsa, ƙila idonsa ya tuna ɗansa.

Da ya turo keken tsakar gida, Baba ya miƙe ba tare da an kama shi ba. Ya ɗaga gaban keken, ya juya tayar, ya kara kunne. Ya ja kaca da yatsa, ya matse birki, sannan ya bi ƙarfen jikin da farce har ya tsaya ƙarƙashin sirdi.

"An yi walda a nan, aka shafe da fenti," in ji shi. "Wa za a yi wa wayo?"

Auta ya yi dariya, idonsa cike da ƙwalla. Muryar nan ce ta da, da faɗanta da komai.

"To, a saya ko a bari, Baba?"

"Waldar mai kyau ce, ƙarfen kuma na asali ne, yanzu ba a yin irinsa. Zan saya." Ya dafa sirdin, ya dubi Auta sama da ƙasa. "Amma sai ka rage mini wannan, ya yi tsawo. Autana zan saya wa, ƙafarsa ba ta kai feda ba tukuna."

Yayar ta juya ta shige ɗaki. Auta ya ɗauko sifana. Ya durƙusa, ya kwance noti, ya sauke sirdin.

"Ƙara ƙasa. Yaron tsoron faɗuwa gare shi."

Ya sauke har ƙarshe, ya ɗaure.

Baba ya gyaɗa kai, ya gamsu. Sai ya leƙa ƙofar gida, fuskarsa ta cika da damuwa.

"Ya kamata a ce ya dawo yanzu. Don Allah, ba ka gan shi a hanya ba?"