Ƙafar Baba Sifana

Bai ko kai gidan mai ba wata tasi ta ci birki a gabansa. Direban ya miƙo hannu ya tura ƙofa tun motar ba ta gama tsayawa ba.

"Baba, lafiya? Ina motar?"

"Tana gida."

"Kai ne a ƙasa, mu muna sama? Shigo don Allah, kada a zage mu."

Baba Sifana ya dubi titin da ya rage masa, ya dubi ƙofar da aka buɗe, ya yi tsaki a ransa ya shiga. Haka aka yi jiya, haka aka yi shekaranjiya.

Rabin direbobin wannan hanya a garejinsa suka tashi. Wanda bai koyi kwance taya a hannunsa ba, to motarsa ta taɓa kwana a wurinsa. Sunan ma su suka laƙaba masa, don ba a taɓa ganin aljihunsa na baya babu sifana ba. A wurinsu, wuce Baba yana tafe a ƙasa rashin tarbiyya ne. Shi kuma a wurinsa, a buɗe maka ƙofa ka ƙi shiga wulaƙanci ne. Tsakanin ladabinsu da nasa, tafiyar da likita ta ce ya riƙa yi ta mutu a bakin titi.

Ƙishirwa ce ta kai shi asibiti, da yawan tashi fitsari, da wandon da ya fara zamewa. Likitar, wadda a ganinsa ba ta girmi 'yarsa ta fari ba, ta ce ciwon suga ne, irin wanda ke kama manya. Ta ba shi ƙwayar da zai riƙa sha tare da abinci, ta ce ya rage shinkafa da burodi, ya yi sallama da lemon kwalba, sannan kullum ya taka da ƙafa har jikinsa ya ɗumama. Daga nan ta sa ya cire takalmi, ya rufe ido, ta riƙa taɓa tafin ƙafarsa da wani ɗan siririn abu.

"Ka ji nan?"

"Na ji."

"Nan fa?"

Ya yi ta jira ta taɓa. Ashe ta daɗe da taɓawa, a kan babban yatsansa na hagu.

Tun daga ranar tsoro bai sake shi ba. Yayansa kafinta ne, wannan ciwon ne ya ci masa ƙafa, daga ɗan rauni a yatsa har aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Amma abin da ya fi tsaya wa Baba Sifana a rai shi ne yadda mutane suka koma yi wa Yaya magana tun ƙafar tana jikinsa. A karkatar da kai, a sassauta murya, a ja kalmar: "Sannu, Yaya." Sai a juya a tambayi ɗansa ko an gama ƙofar. Mutum yana zaune da ransa aka mai da shi abin dubiya. Don haka Baba ya ce wa maiɗakinsa kada kowa ya ji.

Ita dai ta riƙe nata ɓangaren. Ƙwayar tana ƙulle a 'yar leda a kan murfin kula, cikin kular kuma wake ne da kabeji da ƙwai, sai shinkafa 'yar kaɗan a gefe kamar wadda ta zo baƙunta. Da azahar Baba ya kewaya bayan wata motar da aka ɗaga, ya haɗiye ƙwayar kamar ɓarawo, ya zauna a kan tsohuwar taya ya buɗe kular.

A nan Ba-Birki ya same shi. Tsohon yaronsa ne, yanzu direban bas, ya yi tumbi ya yi furfura amma har yau bakinsa ba ya tsayawa, abin da ya jawo masa sunan ke nan. Ya zo da lemo kwalba biyu masu raɓa, ya dire ɗaya a gaban Baba, ya leƙa kular.

"Baba, faɗa kuka yi da Mama ne? Wannan ai abincin zomo ne."

"Me ya kawo ka?"

"Wata ƙara nake ji a ƙasa idan na sha kwana." Ya durƙusa zai nuna da hannu, sai ya tsaya. "Baba, ɗaga ƙafarka."

Wata gajeriyar ƙusa ce ta shige tafin takalmin hagu har kanta ya lotsa robar. Baba ya cire takalmin. Tsinin ya ɓullo ta ciki, ya huda safa, ya bar jan rami a ƙasan babban yatsa. Fatar ba ta fashe ba, Allah ya taimaka. Ya danna wurin da ɗan yatsa, ya sake dannawa.

"Tun yaushe kake takawa a kanta?" in ji Ba-Birki.

"Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ka sani ba? Ƙusa ce fa."

Can cikin gareji wani yana dukan ƙarfe, rediyo yana ta surutu shi kaɗai. Baba ya san gaya wa Ba-Birki magana daidai yake da ɗaura lasifika a kan bas. Ya kuma san da bai zo ba, da da ƙusar zai koma gida.

"Suga ne," ya ce. "Irin na Yaya."

Fuskar Ba-Birki ta sauya. Kansa ya fara karkata, bakinsa ya buɗe. "Sann..."

"Ka ƙarasa ta, wallahi na fasa maka baki da sifanan nan."

Ba-Birki ya haɗiye sauran da ƙyar. "To me ake so a yi?"

"Magani ina sha. Abinci ga shi kana gani. Tafiya ce ta rage, ku kuma kun hana ni. Na fito da ƙafata, kafin in yi taku goma wani ɗan albarka ya sha gabana."

Ba-Birki ya dubi yatsan. Ya ɗauki filaya ya zare ƙusar, ya shafa cikin takalmin da hannu kafin ya miƙa masa. Sannan ya janye kwalbar da ke gaban Baba, ya shanye biyun a tsaye, ya tafi. Maganar ƙarar mota ko tuna ta bai yi ba.

Bayan la'asar Baba ya kulle gareji ya kama hanya. Tasi ta farko ta rage gudu, ta yi hon, ta wuce. Ta biyu ma haka. Wato labari ya riga shi fita titi. Da fari abin ya yi masa daɗi. Ya ga shagunan da ya yi shekara da shekaru yana wucewa bai san da su ba, har da wani mai gyaran agogo.

Amma bayan gidan mai akwai hawa, wanda a mota bai taɓa sanin hawa ba ne. Kafin ya kai rabi gumi ya jiƙa masa riga, gwiwoyinsa suna ƙara, numfashi yana fita da ƙyar. Ya ce a ransa na yau ya isa, gobe a ƙara. Ya tsaya ya ɗaga hannu.

Direban da ya ɗauke shi da safe ne ya fara zuwa. Ya ɗago masa hannu shi ma, da fara'arsa, ya wuce. Na bayansa har da jinjina. Baba ya ƙara ɗaga hannun, yana kaɗawa sosai, sai ga bas ɗin Ba-Birki, kujerun gaba babu kowa. Ya rage gudu daidai shi, bai tsaya ba.

"Kai, tsaya mana! Na gaji."

"Baba, ka yafe mini," in ji Ba-Birki ta taga, muryarsa ba wasa a ciki. "Duk mun yi magana. Ko kuka za ka yi babu mai ɗaukar ka. Muna son ƙafar nan."

Ya taka mota ya bar shi a tsaye.

Baba Sifana ya zage shi, ya zagi bas ɗin, ya zagi ranar da ya koya masa riƙe sitiyari. Da zagin ya ƙare, ya ga babu abin da ya rage sai hawan. Ya hau shi a hankali, yana hutawa a jikin kowace fitilar titi.

Maiɗakinsa tana tsakar gida tana yanka kabeji ya shigo. Ta dubi rigar, ta dubi fuskarsa.

"Yau wa ya kawo ka?"

"Babu kowa," ya ce, ya zube a kan kujera yana kwance igiyar takalmi. "Duk yaran da na raina, babu ko ɗaya da ya tsaya."

Ya juya mata baya don kada ta ga idonsa, ya ce ta kawo fitila ta duba masa yatsan.